Amsa ga mai tambaya daga Daura: yankan shanu ya ragu a kwata amma nama bai yanke ba, daga ina yake fitowa?

Wani bawan Allah daga Daura ya turo min tambaya, yace gidan abinci gare shi kuma kullum shi ke zuwa sayen nama da kanshi. Ga abinda ya rubuto: "Likita barka da aiki. Dan Allah wai da gaske ne yankan shanu ya ragu a wajenmu? Da in ka je kwata da asuba zaka ga shanu a jere, yanzu 'yan kaɗan ne, amma kuma nama bai yanke a kasuwa ba, to daga ina yake fitowa kuma lafiyayye ne? Sannan naji ance akwai ƙasashen da ɓauna suke yankawa har suna fitar da naman waje, mu me ya hana mu?"

Malam barka kadai, Allah ya sa albarka a sana'a. Bari in fara da ta ɓaunar tunda ita ce mai sauƙi, in mun sauke ta sai mu zauna kan wadda ta shafi tukunyarka.

Ɓaunar da kaji ana yankawa ba irin tamu ta daji bace da ake gani a Yankari. Waccan ta Asiya ce, dabbar gida ce tun shekaru dubbai, ana tatsarta ana huɗa da ita a gonar shinkafa, ƙaramin yaro ma yana janta. Indiya ce ta fi kowa yawanta, ƙidayar dabbobin da suka yi a 2019 ta nuna suna da ɓauna wajen miliyan 110, shanu kuma sama da miliyan 190. To a mafi yawan jihohinsu doka ta hana yanka saniya saboda addinin Hindu, ita kuwa ɓauna a yawancin wurare hanin bai hau kanta ba, sai ya zama mazan da ba a buƙata da matan da nononsu ya ƙare su ake kaiwa mayanka, a zare ƙashi a daskarar da tsokar a loda a jirgin ruwa zuwa Masar, Malesiya, Biyetnam, Indonesiya, Iraƙi da sauransu. Da haka ƙasar da yawancin mutanenta basa cin saniya ta shiga sahun manyan masu fitar da jan nama a duniya tare da su Birazil da Ostireliya da Amurka. Tamu ta daji kuwa bata kiwatuwa, mugun hali gare ta, kuma a kudancin Afirka ita ce ke ajiye cutar bauru, wato ciwon baki da kofato, ta dinga shafa wa shanun gida. Don haka a nan babu wata hanya da muka bari ta wuce mu.

Yanzu mu dawo gida. Abinda idonka ya gani gaskiya ne, amma rabin labarin ne. Littafin da ake rubutawa a kwata shanun da suka shigo ta ƙofa aka biya masu kuɗin yanka kaɗai yake ƙirgawa. Wanda aka kayar a bayan gida ko a gindin bishiya a ƙauye aka ɗauro naman a buhu bayan babur, babu shi a littafin kowa. Shi yasa in naga adadi ya faɗi a kwata alhali tebur cike yake a kasuwa, ni ba murna nake ba kuma ba cewa nake mutane sun daina cin nama ba, abinda nake karantawa shi ne yankan ya gudu daga inda ido yake ya koma inda babu mai dubawa. Duk sauran abinda zan faɗa maka a kan wannan yake tsaye.

Ka fara fahimtar yadda shanun ke tafiya tukuna. Ƙiyasin da hukumar abinci ta duniya FAO ta daɗe tana bayarwa shanun Najeriya wajen miliyan 20 ne, kusan dukkansu a Arewa, ga kuma masu shigowa daga Nijar da Chadi. Mu nan a bakin ƙofa muke. Ranar Lahadi ka je Mai'adua ka ga abinda ke sauka daga ɓangaren Matamaye da Magarya da Damagaram, ranar Alhamis Maigatari a Jigawa, ga Jibia da Ɗankama da Charanchi, can Sakkwato ga Illela, Yobe ga Potiskum. Bunaji farare, Rahaji jajaye masu dogon ƙaho, Bokoloji masu leɓe, da 'yan Azawak. Amma babban bakin da ke cin naman yana kudu, Legas kaɗai dubban shanu take lashewa a kullum, mayankar Oko-Oba da ke Agege ita ce aka fi sani. To ka sa kanka a matsayin falke mai lodin tirela: zai biya kuɗin mota mai tsada, dabba zata yi kwana biyu ko uku a tsaye ko a danne cikin rana, ga shingaye a hanya kowa da hannunshi a miƙe, wane sa zai zaɓa? Mai ƙiba, mai ƙarfin ƙafa, mai sheƙin gashi. Wanda ya rame, mai tari, mai ɗingishi, guzumar da haƙoranta suka ƙare, wanda dillali ya san ba zai kai Lokoja da rai ba, wannan ba ya hawa mota. Nan ake barinshi da yamma in kasuwa ta fara watsewa a karya farashi, ƙaramin mahauci mai ɗan jari ya ɗauka. Mu da ke zaune kusa da kara muna ganin kamar mu ke cin na kirki, alhali sau da yawa ragowar zaɓe ce ke zuwa teburinmu. Ba duka ba, akwai mahautan da ke sayen shanun turke masu kyau kuma ka san su na san su, amma tsarin kasuwar haka ya karkata.

Sai kuma dukan da harkar ta sha a jere. Agustan 2019 aka rufe boda har Disambar 2020. Ƙarshen Agustan 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Masari, ya sa hannu kan dokar tsaro da ta dakatar da sayar da dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14, ciki har da Mai'adua, Baure, Jibia, Charanchi, Kaita da Dutsin-Ma, aka kuma hana lodin shanu a mota zuwa wasu jihohi, don a toshe wa ɓarayin shanu hanyar kuɗi. Farkon 2023 ga ƙarancin takardar Naira, kuma ka san Bafulatani mai sayar da sa ba tiransifa yake so ba. Mayun shekarar aka cire tallafin fetur kuɗin mota ya tashi. Yuli aka yi juyin mulki a Nijar boda ta sake rufuwa sai Maris 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Mayun 2025 kuma gab da Babbar Sallah gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi daga ƙasarta. Ƙara da faɗuwar Naira a gaban Sefa, wanda ya sa mai dabba a Nijar baya ɗokin kawo ta nan kamar da, wani lokacin ma namu ne ke tsallakawa can. Ƙara da makiyayan da suka bar dajin Rugu da kewayen Batsari, Safana, Ɗanmusa suka yi kudu ko gabas saboda rashin tsaro.

Duk lokacin da aka rufe kara ciniki baya tsayawa, komawa yake lungu. Ni ban ce dokar 2021 bata da dalili ba, mutane ake kashewa a lokacin, amma ta ɓangaren lafiyar dabbobi ta koya wa mutane hanyoyin da ko bayan an buɗe kasuwannin basu bari ba. Sannan saniyar sata dama ba ta son littafi, cikin dare ake kayar da ita.

A kwatar kanta ga abinda ya canza. Mahaucin da ke kayar da sa shi kaɗai yanzu su uku ko huɗu ke haɗa kuɗi su raba ɗaya. Wasu sun koma awaki da tumaki, wasu raƙumi, don raƙumi ɗaya nama ne mai yawa kuma in aka yanyanka aka jera ba kowa ke bambancewa ba. Yawan matan da ake yankawa ya ƙaru, da ƙananan bijimai da basu gama girma ba. Ga kuma lokaci: da kaka dabba ta ƙoshi da ciyawa da harawa naman yana da kyau, amma daga Maris zuwa faɗuwar ruwa, lokacin da dusa da kowa ta yi tsada makiyayi na neman kuɗin hatsi, lokacin ne ramammu da marasa lafiya ke cika kara. In akwai watannin da zaka ƙara buɗe ido to bazara ce.

Abinda yafi ci min rai a wannan canjin shi ne yanka masu ciki. A farke saniya a ga ɗan tayi ya kai wata shida ko bakwai har gashi ya fito, a jefar a kwalbati ko a ba karnuka. Saniya wata tara take ɗauke da ciki kuma irin namu sai ta kai shekara uku zuwa huɗu kafin haihuwar fari, kaga duk ɗan tayin da aka zubar garken gobe ne aka rage, kuma shi ke dawowa ya ƙara tsadar naman da kake kuka da ita. Gwajin cikin nan ba wani abu bane, safar hannu ce doguwa da minti biyu, amma sai an kawo dabbar da rai gaban wanda ya iya.

To menene ma aikin namu na likitocin dabbobi a kwata, don mutane da yawa sun ɗauka zuwa muke mu karɓi hanta mu tafi. Duba biyu ne. Na farko tun dabbar na tsaye, a ga tafiyarta, numfashinta, hancinta, idonta, ko tana dalala, ko tana zawo, in da hali a auna zafin jiki. Wannan shi yafi muhimmanci kuma shi aka fi tsallakewa, don sau da yawa kafin ma'aikaci ya iso an riga an kayar an feɗe. Na biyu bayan fiɗa. Ana fara da kai, a tsaga tsokar muƙamuƙi, a shafa harshe, a yanka kaluluwar da ke maƙogwaro. Sai huhu, a matsa shi da hannu ko'ina a ji ko akwai ƙulli, a tsaga kaluluwar da ke tsakanin huhun biyu. Sai zuciya a buɗe ta, sai hanta a tsaga ta wajen hanyoyin maɗaci, sai saifa da ƙoda da hanji. Wanda hannunshi ya faɗa baya ɗaukar dogon lokaci.

Mai tarin shanu in ka ɗora wuƙa kan kaluluwar zaka ji ta tana ƙaras ƙaras kamar ka yanka yashi, ka buɗe ka ga wani abu rawaya-rawaya busasshe mai dunƙule-dunƙule a ciki, wani lokacin kuma ka leƙa cikin haƙarƙari ka ga ƙuraje sun yi gungu sun manne a jikin bangon ƙirjin. Mahauci mai wayo ya san wannan sarai, kafin ka iso ya sa wuƙa ya kankare bangon ya jefar da huhun, sai ka tarar da haƙarƙari fes amma babu 'yar fatar nan mai sheƙi da ke lulluɓe shi. In naga haka nasan an riga ni. Ƙwayar cutar 'yar uwar ta tarin fukan mutane ce kuma tana kama mutum, hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta mutum wajen 140,000 ne suka kamu da irin wannan tarin na dabbobi a 2019, sama da 11,000 suka mutu. Wani abin kuma, ɗaya daga cikin magunguna huɗu da ake fara ba mai tarin fuka, pirazinamaid, baya mata komai. Amma in faɗa maka gaskiya babbar hanyarta ba nama bace, madarar da ba a tafasa bace, sai kuma numfashi ga wanda ke kwana da tashi cikin shanu ko yake fiɗa. Yaron da wuyanshi ya kumbura da kaluluwa ta ƙi warkewa har tana fashewa, a tambayi irin nonon da yake sha. Mu Daura da fura ai ba a raba mu, shi yasa nake cewa a tambayi mai nono ko ta dafa madarar kafin ta kwana, kindirmon asali dafa shi ake.

Bakkale ma haka, wato cutar ɓarin shanu da ke kama mutum. A saniya alamarta ɓari ne a ƙarshen ciki, mahaifa ta ƙi faɗuwa, gwiwa ta kumbura da ruwa. Irin wannan saniyar da ta yi ɓari sau biyu ita makiyayi ke fara fitarwa kasuwa. A mutum kuma zazzaɓi ne mai zuwa yana komawa, gumin dare, ciwon baya da gaɓoɓi, mutum ya yi wata da watanni ana mashi maganin maleriya da taifod abu yaƙi ci yaƙi cinyewa, alhali maganinta kala biyu ake haɗawa a sha har sati shida. Masu fiɗa da yaran da ke wanke kayan ciki da hannu tsirara, ga yanka a yatsu, su ne a gaba wajen kamuwa. Duk mahaucin da zazzaɓi ya ƙi barinshi ya gaya wa likitan asibiti sana'arshi, wannan kalma ɗaya tana iya canza gwajin da za a mashi.

Tsutsar hanta kuwa ita muka fi gani, musamman shanun da suka yi kiwo a fadama da bakin dam irin su Sabke, Daberam, Ajiwa, Zobe da Jibia, don ta jikin ƙananan katantanwar ruwa take bi. Hanyoyin maɗacin su yi kauri su yi fari, ka matsa ka ga tsutsar ta fito fale-fale. Cin hantar a dafe ba shi ke sa wa mutum ita ba, amma hantar ta lalace bata cancanci kuɗinka ba. Wadda ke shiga mutum ta nama ita ce tsila, 'yan ƙananan ƙwayoyi farare masu ruwa a cikin tsokar muƙamuƙi da zuciya da harshe, mutum ya ci tsire ko balangun da cikinshi bai gasu ba ta girma a hanjinshi. Ita kuma saniyar a ina ta samo? A ciyawar da mutum ya yi bahaya. Mu muke ba su su dawo mana da ita. Ciwon huhun shanu, wanda daban yake da tarin shanu, shi baya kama mutum, amma a kwata ake fara gane ya shigo yanki, daga nan a san inda za a kai allurar rigakafin da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato ke yi, cibiyar da ke aiki tun 1924. Da irin wannan sa ido da rigakafi aka ga bayan annobar shanu ta bushiya, wadda dattawa ke tuna ɓarnar da ta yi a 1983, har aka sanar da ƙarewarta a duniya a 2011.

Wadda nake so kowa ya ji tsoro ita ce ciwon saifa. Dabba lafiya lau da daddare, da safe a tarar da ita a mace ko tana shure-shure, baƙin jini mara daskarewa na fita ta hanci da baki da dubura, cikin ya kumbura da wuri, gawar bata sandare ba. Al'adarmu in dabba zata mutu a yi maza a sa mata wuƙa kar ta zama mushe, to a nan wuƙar ce masifar, don da zarar jinin ya sha iska ƙwayar sai ta yi wa kanta ɓawo ta zauna a ƙasar wurin shekaru gommai. Wanda ya feɗe ya samu ƙurji mai baƙin tsakiya mara zafi a hannu, wanda ya ci ya samu ta ciki, fatar ma tana ɗauke da ita har wajen majema. A Yunin 2023 ta ɓarke a arewacin Gana, a Yuli aka tabbatar da ita a wata gona a Suleja ta jihar Neja. A 2016 kuma wata cutar daban, zazzaɓin Rift Bali, ta kashe mutane da dabbobi a jihar Tawa ta Nijar, kuma yawancin waɗanda ta kama makiyaya ne da masu taɓa jini da ɓarin dabbobi. Tawa ba nisa gare ta ba a tafiyar shanu.

Akwai kuma wanda ido baya gani ko na likita, wato ragowar magani. Mai dabba ya ga sa ya kwanta, ya je kasuwa ya sayo allurar ƙwayoyin cutar nan mai ruwan zuma da ake kira el-e, ya danna mashi, ya ƙara ta sammore, ya ƙara ta tsutsa, kwana biyu babu sauƙi sai ya kira mahauci. A jikin kowace kwalba an rubuta kwanakin da za a jira kafin yanka, na yawancin irin wannan el-e ɗin sati uku zuwa huɗu ne, wa ke karantawa? Wani lokacin muna ganin wurin allurar a cinya ko wuya, tsokar ta yi rawaya ko kore-kore tana warin magani, a yanke a zubar, amma sauran yana cikin hanta da ƙoda kuma dahuwa bata gama kashe shi. Illar ba yau zaka ganta ba, ita ce ranar da aka ba ɗanka maganin ƙwayoyin cuta a asibiti yaƙi aiki. Sai ganda, masu babbaka da tsohuwar taya da robobi da baƙin mai, hayaƙin nan guba yake bari a fatar, wadda aka yi da itace ko aka ƙona da ruwan zafi aka kankare ita ce ta ci.

Zaka ce to ina hukuma. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora kula da mayanka a kan ƙananan hukumomi, duba naman kuma aikin ma'aikatan lafiyar dabbobi ne na jiha, sai ya zama mai karɓar kuɗin shiga daban mai ƙwace nama daban, kuma mai karɓar kuɗi ba ya son abinda zai kori mahauta. Wurare da yawa babu ruwan famfo, babu ƙugiyar rataya, a ƙasa ake fiɗa inda jini da kashin tumbi ke gudu, naman da ya fito lafiyayye daga jikin dabba a nan yake kwasar abinda ke sa gudawa da amai. An yi sabuwar dokar cututtukan dabbobi a 2022, an kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya a 2024, muna fata, amma gyaran da ni nake ganin zai fi kowanne tasiri ƙarami ne: diyya. Ka duba mutumin da ya ci bashin sa wajen dillali zai biya da yamma, likita ya zo yace duk a binne, babu mai ba shi ko sisi. Na taɓa tsayawa gaban dattijon da hawaye ke zubo mashi a kan haka, 'yan uwanshi sun kewaye mu kowa da wuƙa a hannu, ba wai zasu taɓa ni ba amma kai ma ka san yadda wurin ke yin tsit. An binne, don babu yadda za a yi da nama mai tarin da ya bazu. Amma gobe in ya sake sayen wanda yake shakka ai ba zai kawo shi kwata ba, kuma ban ga laifin lissafinshi ba ko da naga laifin aikin. Da za a ware wani abu cikin kuɗin yankan da ake karɓa kullum a zuba a asusu ƙarƙashin Sarkin Fawa da ofishin dabbobi, wanda aka ƙwace wa a rage mashi asara ko da rabi ne, da da yawa sun dawo da kansu.

Kai kuma a matsayinka na mai saye ga abinda ke hannunka. Ka riƙe mahauci ɗaya ko biyu da ka san a kwata suke yanka, ka dinga zuwa da sassafe wani lokacin har wurin yankan ka ga dabbar da idonka, wanda ya san kana iya faɗowa ba sanarwa ba zai haɗa ka da na buhu ba. Naman da aka kawo an riga an yanyanka ƙanana babu kai babu huhu babu hanta, kuma farashin ya faɗi ƙasa da na kowa, araha bata ado, barshi. Ka duba launi: wanda jini bai tsiyaye ba yana yin duhu sosai, jijiyoyin cike da baƙin jini, ka danna farar takarda ta jiƙe jawur, sau da yawa ɓangare ɗaya yafi ɗaya duhu wato inda dabbar ta kwanta, wannan ko dai a bakin mutuwa aka yanka ko bayanta. Kitse mai ruwa-ruwa da ya ƙi daskarewa alamar dabbar ta rame ne ƙwarai. Rawayan kitse kaɗai ba laifi bane, tsohuwar saniya da ta ci ɗanyar ciyawa haka nata yake, amma in har jijiya da guringuntsi da farin cikin gaɓa sun yi rawaya to shawara ce. Hanta ka sa a tsaga maka a gabanka. Huhu in ba ka yarda da tushenshi ba ka haƙura da shi, ba shi da wata riba da ta kai kasadar.

A kicin kuma, wuƙa da katakon nama daban, na latas da kabeji da albasar da za a ci ɗanye daban, don yawancin cutar da gidan abinci ke rabawa ta nan take bi ba ta naman da ya sha wuta ba. A zafin Afrilu da ke haura digiri 40 ɗanyen nama baya jiran azahar, ko ya shiga tukunya ko ya shiga sanyi, in kuma wuta ta ɗauke firiza ya saki to a dafa, kar a sake daskarar da shi. A dafa har ciki ya daina ja, kayan ciki a tafasa su sosai, yaran da ke maka wanki in akwai mai rauni a hannu ya ɗaure ko a canza mashi aiki ranar.

Watanda ma da ake yi da Sallah ko ƙarshen azumi, tunda a unguwa ake kayarwa ba a kwata ba, ku kira malamin dabbobi ya duba san tun yana tsaye ya kuma dawo bayan fiɗa, abinda zaku ba shi in aka raba kan masu kaso bai kai kuɗin kati ba. Ku tambayi mai san yaushe rabon da a yi mashi allura. In kuwa dabba ta faɗi farat ɗaya da jini a hanci ko dubura, kar a yanka, kar a feɗe, kar a ja ta a ƙasa, a kore yara da karnuka da sauran dabbobi daga wurin, a rufe ta, a kira ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma, su zasu ɗauki samfur su ƙone ta ko su binne a rami mai zurfin kamar mita biyu, sannan a yi wa sauran garken rigakafi. Wanda ya riga ya taɓa jinin ya wanke da sabulu ya tafi asibiti a ranar ya faɗi abinda ya taɓa.